Jifa da Dabara: Yadda Mai Jifan Besbol Marar Gudu Yake Kai Kakar Wasa Ƙarshe

A gasar MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, matsakaicin gudun jifan kai-tsaye, wato jifa mafi gudu da mai jifa ke da shi, ya kai mil 94 a awa a 'yan shekarun nan, kimanin kilomita 151 ke nan. Masu farautar 'yan wasa da na'urar auna gudu suke yawo, yaron da bai taɓa mil 90 ba da wuya su waiwaye shi. Duk da haka, a 2016 Kyle Hendricks na Chicago Cubs, wanda jifansa ke kai-komo a mil 88, shi ya fi duk masu buɗe wasa, wato masu jifan da ke fara wasa, rowar maki: 2.13 kawai ake ci a kansa a kowane zango tara. Shekara ɗaya kafin nan Dallas Keuchel ya ɗauki kyautar Cy Young, ta gwarzon mai jifa na shekara, a Houston da jifa mai nutsewa na kusan mil 90. Jamie Moyer kuwa yana da shekara 49 ya ci wasa a 2012, alhali jifansa da ƙyar yake taɓa mil 80.

Kafin mu shiga, mu daidaita harshe. Mai jifa yana tsaye a kan tudu, tazarar ƙafa 60 da inci 6 daga farantin da mai bugu ke tsaye gefensa. Faɗin farantin inci 17 ne. A samansa akwai wata taga da ido ba ya gani, daga ƙasan gwiwar mai bugu zuwa wajen tsakiyar ƙirjinsa. Ƙwallon da ta ratsa tagar, ko wadda ya kai wa kulki ya kuskure, sitiraik ce. Uku sun fitar da shi. Wadda ta kauce wa tagar bai taɓa ba, bol ce. Huɗu sun ba shi tashar farko kyauta, cikin tashoshi ukun da zai zagaya ya dawo faranti kafin ya ci maki. Ana fitar da mutum uku zangon ƙungiyar ya ƙare, ɗaya ta karɓi bugu; kowace ta yi zango tara, wasa ya tashi.

Lissafin da komai ya rataya a kansa

Daga inda ƙwallo ke barin hannu zuwa faranti kusan ƙafa 55 ne. Jifan mil 100 yana cin wannan tazara a ɗan ƙasa da daƙiƙa 0.40. Na mil 88 yana ɗaukar kusan 0.45, na mil 78 kusan 0.50. Duba da kyau: ratar da ke tsakanin 88 da 78 ta kai wadda ke tsakanin 100 da 88. A daidai lokacin da jifan 88 zai iso faranti, na 78 yana da sauran kusan ƙafa shida. Shi kuwa mai bugu, kuskuren da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba ya isa ya mayar da bugu mai kyau ya zama na banza, kuma tilas ya yanke shawarar kai kulki tun ƙwallon tana da sauran ƙafa ashirin da 'yan kai, domin wurga kulkin kansa yana cin lokaci.

Abin da ake danganta wa Warren Spahn, bahagon da ya ci wasa 363, ke nan: bugu daidaita lokaci ne, jifa kuma rikita wannan lokacin. Mai gudun mil 100 yana ƙwace lokacin da ƙarfin tsiya. Kai da ba ka da wannan, sai ka sa mai bugu ya yi wa ƙwallon alƙawarin haɗuwa a wani lokaci, ita kuma ta zo a wani. Duk matakan da ke biye a kan wannan suke.

Sai dai a faɗi gaskiya tun yanzu: gudu yana da amfani, kuma yana rufa wa kuskure asiri. Mai mil 98 zai iya sakin ƙwallo a tsakiyar faranti ya sha. Kai in ka yi haka, a wajen fili za a tsinto ta. Greg Maddux ma da ake yawan kafa misali da shi, yana matashi yana wuce mil 90, wanda a zamaninsa ba a kira shi sanyi ba. Abin koyi a wurinsa shi ne yadda ya ci gaba da cin wasa bayan gudun ya tafi.

Mataki na farko: saiti

Jefa sitiraik daban, saiti daban. Kowa yana iya ratsa taga. Saiti shi ne ka ce ƙasa can nesa da mai bugu, ƙwallon ta je ƙasa can nesa, in ma ta kuskure ta kuskure zuwa waje, ba zuwa tsakiya ba. Wannan na biyun shi ne sirrin da matasa ke tsallakewa. Ba mai jifan da ba ya kuskure. Tambayar ita ce ina kuskurenka ke faɗawa.

Saiti daga ƙafa yake farawa. Robar da ake takawa a kan tudu tsawonta inci 24 ne. Zaɓi wuri ɗaya a kanta ka riƙe shi. Ja layi a ƙasa daga ƙafarka ta baya zuwa faranti, sannan bayan kowane jifa goma ka duba inda ƙafar gaba ke sauka. In sawun ya zama rami ɗaya, kana kan hanya. In ya warwatsu kamar sawun kaji, hannunka yana ta gyara ɓarnar ƙafa ne, kuma ba zai iya ba kullum. Ƙafar da ta sauka a buɗe tana sa kafaɗar gaba ta riga juyawa, hannu ya makara, ƙwallon ta tashi sama ta gefen hannun jifa. Wadda ta sauka a rufe da yawa tana sa ka yi jifa ta kan jikinka, ƙwallon ta ja ƙasa zuwa ɗaya gefen.

Leo Mazzone, kocin masu jifa na Atlanta Braves a zamanin Maddux da Tom Glavine da John Smoltz, a kan abu ɗaya ya nace: jifan kai-tsaye ƙasa da nesa. Yakan sa su hau tudu sau biyu tsakanin wasa da wasa maimakon sau ɗaya da aka saba, amma ba da cikakken ƙarfi ba. Hikimar ita ce yatsu su riƙa jin ƙwallo kullum ba tare da an gajiyar da kafaɗa ba. Kwaikwayi wannan: jifa 30 zuwa 35, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na ƙarfinka, mai cafka, wanda ke tsugune bayan faranti, ya kafa safar hannunsa kada ya motsa. Ka riƙa ƙirgawa a takarda: nawa ne suka faɗa inda aka nufa, nawa suka kuskure zuwa gefen lafiya, nawa suka shiga tsakiya. Lambar ƙarshen nan ita ce za ka yi ta ƙoƙarin kashewa.

Sakamakon irin wannan horo ana ganinsa a alƙaluman Maddux: a 1997 ya jefa zango 232 da ɗoriya, mutum 20 kacal ya bai wa tasha kyauta, shida daga ciki ma da gangan ne.

Mataki na biyu: jifa uku masu kama da juna

Ba ka buƙatar jifa bakwai. Kana buƙatar uku da za su fito ta hanya ɗaya, su yi tafiyar farko tare kamar 'yan gida ɗaya, su rabu bayan mai bugu ya riga ya yanke shawara.

Mai nutsewa, wanda 'yan wasa ke kira sinka. Ɗora manuniya da yatsan tsakiya a kan ɗinki biyun, a inda suka fi kusa da juna, babban yatsa a ƙasa. Danna da manuniya lokacin saki. Ƙwallon za ta karkata zuwa gefen hannun jifarka, ta ɗan nutse. Aikinta ta sa kulki ya taɓa samanta, ta yi birgima a ƙasa. A kakarsa ta 2015, sama da kashi 60 cikin ɗari na ƙwallayen da aka buga wa Keuchel a ƙasa suka bi. Inda take lalacewa: in ka matsa mata ƙarfi fiye da kima tana miƙewa, in ta tsaya a tsayin ɗamara kuma abinci ce. Shi ya sa masu sinka da yawa suka fi kyau in sun ɗan gaji. Maddux yana da wata dabara da ita a kan bahagon mai bugu: ya nufi ƙugunsa, mutumin ya ja baya yana tsoron a same shi, ƙwallon ta komo ta shafi gefen faranti. Alƙali ya ɗaga hannu, mai bugu ya tsaya yana kallon ƙasa.

Mai yanka, wato kata. Riƙon kai-tsaye ne, sai dai ka ɗan gusar da yatsun biyu zuwa gefen waje na ƙwallon, ka danna da na tsakiya. Ba a murɗa wuyan hannu. Tana rage mil biyu zuwa huɗu, ta karkata inci kaɗan zuwa gefen safar hannunka, akasin sinka. Amfaninta ga marar gudu babba ne: ita ke ba ka damar shiga jikin mai bugu na ɗaya hannun, ƙwallon ta samu kulki a wuya kusa da yatsunsa. Mark Buehrle da ita ya ci abinci shekara da shekaru.

Sai uwa-uba, jifan rage gudu. Haɗa babban yatsa da manuniya su yi zobe a gefen ƙwallon, yatsan tsakiya da na kusa da shi su hau sama, ƙwallon ta ɗan shiga cikin tafi. Riƙon ne ke cinye gudun, ba hannu ba. Wurga hannunka daidai yadda kake yi a jifan kai-tsaye, da fuska ɗaya, da nishi ɗaya, a ƙarshe ka bar tafin ya juya waje kamar mai zubar da ruwa daga kofi. Kama da wane ba wane ba ne, amma kafin mai bugu ya gane ya riga ya zuba nauyinsa a ƙafar gaba. Ratar da ake so mil takwas zuwa sha biyu ce. In ta yi ƙasa da shida, jifan kai-tsaye maras ƙarfi ka jefa, kuma ba abin da mai bugu ke so kamarsa. Kurakurai uku ne ke kashe wannan jifa: rage saurin hannu, wanda ƙwararren mai bugu ke hangowa tun daga tudu, matse ƙwallon har ta daki ƙasa kafin faranti, da sakinta a sama. Hanyar koyonsa ita ce ka riƙa jefa shi kullum a jifan ɗumama jiki daga ƙafa 90, domin nisan zai tilasta maka wurga hannu sosai.

Jifan baka, mai lanƙwasa daga sama, ƙari ne. Ko ba shi da kaifi yana da aiki guda: satar sitiraik na farko a kan wanda ya shirya wa kai-tsaye. Mil 72 bayan an saba da 88, yawancinsu tsayawa suke su kalla.

Akwai wata hanya ta daban baki ɗaya, nokulbol, inda ake kafa farce a fatar ƙwallo a tura ta kusan babu juyi, iska ta yi wasa da ita yadda ta ga dama. R.A. Dickey ya ci Cy Young da ita a 2012, Phil Niekro ya ci wasa 318. Amma sana'a ce mai zaman kanta, tana cin shekaru, kuma sai da mai cafka na musamman. Ƙungiyar Boston sun yi musayar Doug Mirabelli, wanda ya saba cafke wa mai nokulbol ɗinsu Tim Wakefield, sai ga shi a 2006 sun dawo da shi cikin gaggawa har da rakiyar 'yan sanda daga filin jirgi don ya riski wasan daren.

Mataki na uku: ƙidaya

Mai bugu ɗaya ne, amma mutum biyu ne a cikinsa. In bol sun fi sitiraik yawa, sarki ne: ya zaɓi wuri ɗaya da gudu ɗaya ya zauna yana jira. In sitiraik sun fi yawa, dole ya kare tagar duka. Don haka jifan farko ya zama sitiraik. Matsakaicin gasar yana wajen kashi 60 cikin ɗari. Kai ka nemi biyu cikin uku. Daga nan ka kula da jifan da ake yi a ɗaya da ɗaya, domin shi ne mararraba: ko ya koma bol ɗaya sitiraik biyu, kana sama, ko bol biyu sitiraik ɗaya, yana sama.

Amma kada sitiraik na farko ya zama abin da kowa ya haddace. In ƙungiya ta lura kullum da sinka a tsakiya kake buɗewa, za su fara kai mata kulki tun jifan farko. A nan ake jifa a juye: a ƙidayar da kowa ke jiran kai-tsaye, kamar bol biyu babu sitiraik, ko uku da ɗaya, ka jefa na rage gudu. A ƙidayar da suke jiran mai lanƙwasa, ka cusa kai-tsaye a jikinsu. Wannan ba ya yiwuwa sai jifan rage gudunka yana shiga taga duk lokacin da ka so. Wanda ba ya iya jefa shi a uku da ɗaya bai gama koyonsa ba.

Maganar shiga jiki tana buƙatar a tsaya a kanta, don a nan masu sanyin jifa suka fi jin tsoro. Ƙwallon da ta zo sama kusa da hannuwa, dole kulki ya tare ta tun a gaban faranti, saboda haka lokacin mai bugu ya ragu; mil 87 a can yana yi masa kamar 91. Wadda ta tafi ƙasa da nesa a baya ake tare ta, sai ta yi kamar ta fi sanyi. Ke nan da wuri kaɗai kana iya faɗaɗa ratar gudu ba tare da ka ƙara ko mil ɗaya ba. Wanda ya ƙi shiga jiki, masu bugu za su sunkuyo kan faranti, gefen nesa ya zame musu tsakiya. Glavine ya yi shekaru yana zaune a gefen nesa, alƙalai na ba shi har inci ɗaya ko biyu a waje. Da aka fara auna hukuncin alƙalai da kyamara, tagar ta tsuke, sai da ya koyi shiga jiki a shekarunsa na New York Mets kafin ya farfaɗo ya kai ga cin wasa 305. Sharaɗin ɗaya ne: in za ka kuskure a ciki, kuskure zuwa jikin mutum, kada ta komo faranti.

Kuma kada ka ɓata jifa. A babu bol sitiraik biyu, jifan da ya kauce ƙafa biyu bai ruɗi kowa ba, ƙidayarka kawai ya ƙara. Burinka jifa 15 ko ƙasa a kowane zango, mai bugu ya tafi cikin jifa huɗu. Hendricks ya gama zango tara cur da jifa 81 a kan St. Louis a watan Mayun 2019 ba a ci shi ko maki ɗaya ba.

Mataki na huɗu: karanta mai bugu

Rahoton masu leƙen asiri da alƙaluman kwamfuta suna gaya maka abin da mutum ya yi makon jiya. Abin da yake shirin yi yanzu a kulkinsa da ƙafafunsa yake.

In ya buga ƙwallon ta fita can gefen da yake ja, da ƙarfi, ya riga ta ne. Ƙara masa sanyi, ƙara nesa. In ta fita ta ɗaya gefen a makare, gudunka ya ishe shi, maimaita a ciki, kada ka yi masa alheri da jifan rage gudu wanda zai daidaita masa lokaci. Wannan kuskure ne da ake yawan yi: mutum ya makara, sai a rage masa gudu. In kuwa ta tashi kai-tsaye baya ta daki raga, lokacinsa ya yi daidai, ƙasanta kawai ya taɓa. Kada ya sake ganin irinta a wurin. Duba kuma yadda ya bar ƙwallon da bai buga ba. Wanda ya bar jifan rage gudu mai kyau ko gezau bai yi ba, ko ya hango shi ne ko kai-tsaye kaɗai yake jira, kuma jifa na gaba zai nuna maka wanne ne.

Ƙafafu ma haka. Masu bugu sukan matso gaban akwatinsu don su tari jifan rage gudu kafin ya nutse. Duk wanda ya matso ya rage wa kansa tazara. Kai-tsaye a ciki ne maganinsa. Mai cafka ya fi ka ganin wannan tunda yana kusa, don haka ku zauna tare tsakanin zango da zango ku yi bitar mutum uku masu zuwa.

Su ma suna karanta ka. In safar hannunka tana buɗewa sa'ad da kake gyara riƙon rage gudu, ko kana ɗaga ta sama kaɗan a jifan baka, cikin zango biyu duk bencinsu sun sani. Maganin: ka fara kowane jifa da riƙo mafi wuya, daga shi ka sauya zuwa mai sauƙi, yadda motsin zai zama iri ɗaya. Sa a ɗauke ka bidiyo daga inda mai bugu ke tsayawa da kuma daga tasha ta biyu.

Mataki na biyar: mutum takwas da ke tare da kai

Tunda ba za ka fitar da mutane da sitiraik uku da yawa ba, ƙwallo za ta riƙa shiga fili, kuma a gasar kusan uku cikin goma na irin waɗannan suna zama bugu mai kyau. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gaya wa masu tsaron ciki shirinka, domin in za ka yi ta jifa nesa su tsaya inda ƙwallon za ta bi. Daga 2023 doka ta ce mutum biyu a kowane gefen tasha ta biyu, ba a tara uku a gefe ɗaya kamar da, abin da ya rage wa masu sinka wata garkuwa. Yi aiki da sauri. Mai tsaron da ya daɗe a tsaye ƙafarsa mutuwa take. Buehrle tun kafin a kawo agogon da ke ƙayyade lokacin jifa ya shahara da wannan, kuma ya yi kaka 14 a jere yana kai zango 200.

Kai ma mai tsaro ne da zarar ƙwallo ta bar hannunka. Ƙare jifa a tsaye daidai, safar hannu a gaba. Duk ƙwallon da ta bi gefen tashar farko, ruga can tun kafin ka yi tunani. Maddux ya karɓi kyautar gwanin tsaro sau 18.

Ɓarayin tasha kuwa, masu rugawa tasha ta gaba yayin da kake jifa, lissafi ne. Mai gudu yana kai tasha ta biyu cikin daƙiƙa 3.3 zuwa 3.4. Mai cafka yana buƙatar kusan 2.0. Abin da ya rage maka 1.3 ne daga ɗaga ƙafa zuwa safar mai cafka. Rage ɗaga gwiwa, sannan ka riƙa sauya tsawon tsayuwarka kafin jifa: daƙiƙa ɗaya, uku, biyu. Yanzu in akwai mai gudu a tasha, sau biyu kawai aka yarda ka sauka daga roba ko ka jefa wa tashar don kama shi, a kan mai bugu ɗaya. Na uku in ba ka kama mai gudun ba an ba shi tasha.

Kakar kanta

Wasa 162 ne daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Mai buɗe wasa yana fita duk kwana biyar, kusan sau 32. Atisayen share fage a Florida da Arizona ake yi daga tsakiyar Fabrairu, ana ƙara jifa kamar 15 a kowace fita har a kai wajen 90. Kwana huɗun da ke tsakanin wasanni galibi haka suke: washegari sassarfa da ɗaga ƙarfe na ƙafafu; rana ta biyu hawa tudu; ta uku ƙananan motsin kafaɗa da roba da jifa mai sauƙi; ta huɗu hutu da nazarin abokan karawa.

Afrilu a biranen arewa sanyi ne. Yatsu suna sandarewa, ƙwallo na santsi, jifan rage gudu yana wuyar ji. Amma ƙwallo ba ta tafiya nesa, kuma wanda aka sama a wuyan kulki hannunsa zai yi ta zogi, don haka watan shiga jiki ne. Yuli da Agusta akasin haka: iska mai zafi tana ɗaukar ƙwallo, bugun da aka cafke a bakin katanga a Afrilu yanzu ya haye. Sauko da komai ƙasa, ka riƙe jakar garin ƙaro kusa saboda gumi. Fili ma yana da hali. A Denver, mai tsayin kusan mita 1,600, jifan baka ba ya lanƙwasa sosai; dogara ga sinka da na rage gudu. A Wrigley Field na Chicago, dubi tutocin kafin ka shiga: in iska na hurawa ciki, bari su buga sama, in waje take hurawa, ranar ƙasa ce.

Babbar matsalar kaka ita ce sabo. Ƙungiyoyin rukuninku huɗu kuna haɗuwa sau 13 da kowace, ke nan wasu masu bugu za su gan ka sau goma ko fiye a shekara. A cikin wasa ɗaya ma, zagaye na uku ya fi na farko haɗari, shi ya sa manajoji ke saurin cire mutum a zango na shida. Don haka kada ka baje kayanka duka a zagayen farko. Ka bi su da sinka da kata, ka nuna na rage gudu kaɗan, ka ɓoye jifan baka sai zagaye na biyu ko na uku. Ajiye littafi: kowane mai bugu, me ka fara masa da shi, me ya fitar da shi, me ya buga da ƙarfi ko da an cafke. Duk wata ka duba alƙalumanka kamar kai ne abokin gaba. In ka ga a ɗaya da biyu sau bakwai cikin goma abu ɗaya kake jefawa, su ma sun gani.

Za a buga maka homron, wato bugun da ya haye katanga, ka sa wannan a ranka. Moyer ya sha 522, babu wanda ya kai shi a tarihin gasar, kuma ya ci wasa 269. Wanda aka buga babu kowa a tasha maki ɗaya ne. Wanda ke kashe mutum shi ne na bayan tashar kyauta biyu. Bayan an buga maka, jarabar ita ce ka fara gudun taga, ka yi ta lallaɓa gefe, ƙidaya ta juya maka baya, a ƙarshe dole ka kawo ta tsakiya.

In abubuwa suka fara lalacewa

Hendricks ɗin nan a 2024 maki 5.92 aka riƙa ci a kansa a kowane zango tara. Keuchel ya tashi daga gwarzon 2015 zuwa 5.28 a 2021. Tazarar da ke tsakanin nasara da dukan kawo wuƙa ga irin wannan mai jifa inci biyu ce da mil biyu, saboda haka in fita biyu ko uku a jere sun yi muni, bi abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya kafin ka taɓa salon jifarka.

Fara da ratar gudu. A Agusta hannu yakan mutu, kai-tsaye ya sauko daga 88 zuwa 86, na rage gudu kuwa ya tsaya a 80. Rata ta koma shida. Tura ƙwallon ciki cikin tafi ko ka buɗe yatsu don ka rage mata mil biyu. Kada ka nemi dawo da 88 da ƙarfi, saiti zai tafi. Sai tsayin inda kake saki: gajiya tana sauko da gwiwar hannu, sinka ta daina nutsewa ta koma tafiya a kwance. Kwatanta bidiyon Mayu da na yanzu, hoto da hoto. Sai sawun ƙafar gaba. Sai yawan sitiraik na farko a fita ukun nan. Sannan ka duba irin bugun da aka yi maka: in birgima ce ta yi ta ratsa tsakanin masu tsaro, kada ka sauya komai, rashin sa'a ne kuma yana wucewa. In kuwa layi-layi suke bugawa da ƙarfi, har waɗanda aka cafke, kuma jifan rage gudu mai kyau ba ya motsa kowa, to ana karanta ka ne. Koma kan bidiyon tasha ta biyu ka dubi safar hannunka. Ciwo a gefen ciki na gwiwar hannu, ko yatsu biyun ƙarshe su riƙa mutuwa, wannan ba na bidiyo ba ne: sauka daga tudu ranar, ka nemi likitan ƙungiya.